Kwalaben Madarar Alma

Brandvoort, Michigan
Satumba, 1954

Verna,

Gaisuwa, da fatan kina lafiya a wancan ɗakin haya naki na Chicago. Mu nan ƙalau muke, sai gwiwata da ke tashi idan sanyi ya ƙarato. Tuffa ta yi kyau bana, rassan har ƙasa suke taɓawa.

Littafin da kika aiko ya iso, na gode da kan sarkin da kika ɓata. Ban karanta ba, kuma ba zan yi miki ƙaryar zan karanta ba. Bangon kawai ya ishe ni: mace da rigar barci a kan matakala, ido waje, ga inuwar namiji a bayanta. Na bara ma haka yake, sai dai waccan jar riga ce. Ubanki da ubana ciki ɗaya suka fito, amma har yau na kasa gane inda kika gado wannan son leƙa ɗakunan matan aure. Kuma da sunan gidanmu ɓaro-ɓaro a jiki, Verna Hoekstra, a kantin magani, kusa da sabulun aski. Ranar Lahadi matar Boersma ta tare ni a ƙofar coci, ta ce, "Alma, wai mazajen mutane nawa 'yar'uwar nan taki ta rataye bana?" Na ce, "Ba ta samu nata ba ne, shi ya sa take rage na wasu." Ta yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa ban yi ba.

Da za ki zo ki zauna mana kwana biyu, da kin ga yadda miji na gaske yake, kin daina rubuta shirme. 'Yan kwanakin nan mantuwa ta sa ni gaba. Maigidana Lyle ya ce ya tarar na bar gas a buɗe, wani lokaci kuma makullaina a cikin firji ya tsinto su. Wani namijin da faɗa zai yi. Shi kuwa sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Kada ki damu, tsohuwata, ina nan." Kullum da la'asar yana ɗumamo mini madara da kansa, ya ce Likita Pruitt ya ce tana kwantar da jijiyoyi. Ya ma roƙi maƙwabta su riƙa sa mini ido idan yana wurin aiki.

Masu gina gidaje sun sake zuwa a kan gonar tuffa. Suna so su sare itatuwan su jera waɗannan akwatunan da suke kira gidaje. Na ce musu Baba da sunana ya bar ta, kuma muddin ina numfashi ba mai taɓa ko reshe. Lyle yana so a sayar, na sani, amma ko musu bai yi mini ba, ya raka su har mota.

Ki rage shan sigari.

Yayarki,
Alma Tibbets

Chicago
Oktoba, 1954

Yaya Alma,

Na samu taki, na ji daɗin gwiwar ba ta kwantar da ke ba. Ni ma lafiya, sai tarin da kika sani, wanda ba na niyyar rabuwa da shi. Ki gaida matar Boersma, ki ce mata mai kantin magani ya taɓa rubuto mini cewa ita ce ta farko a layi duk lokacin da sabon littafina ya sauka. Ke kuma da ba kya karantawa, na yaba da yadda kika riƙe launin rigar na bara.

Yanzu ki ajiye girman kan nan ki saurare ni. Wasiƙarki na karanta a tsaye, da na kai ƙarshe sai da na nemi kujera. Mijin nan naki na san shi. Na rubuta shi ya fi a ƙirga, wani lokaci da gashin baki, wani lokaci babu. Ki amsa mini waɗannan, ke da kike mace mai hankali, ba irina ba. Gas ɗin nan, ke kika gan shi a buɗe, ko shi ya faɗa miki? Makullan, ke kika buɗe firji kika gan su, ko a hannunsa kika gani? Mutumin da yake son rufa wa matarsa asiri, gida-gida yake bi yana cewa a sa mata ido? Kuma Likita Pruitt ba shi ne wanda suke zuwa kamun kifi tare ba?

Na taɓa wuni guda da wani lauya saboda wani littafi, ya bayyana mini yadda ake yi. Miji ya kai kuka cewa matarsa ta samu taɓin hankali, likitoci biyu su sa hannu, alƙali ya buga hatimi. Daga ranar, ita ba ta da sa hannu a kan komai, mijin ne waliyyinta. Kin ce muddin kina numfashi ba mai taɓa gonar. Lyle ba ya bukatar ki daina numfashi, Yaya. Gado kawai yake nema miki a wani gida mai ƙarfe a taga.

Na san abin da za ki ce, cewa tuzuruwa ce mai tafireta take ganin dodo a kowane wando. Ki faɗa, ba zai zama karo na farko ba. Amma namijin da ya yi shekara da shekaru bai san inda tukunya take a gidansa ba, ranar da ya fara ɗumama madara, ni tambaya nake yi.

Ƙanwarki,
Verna

Brandvoort
Oktoba, 1954

Verna,

Muna lafiya, gwiwa da sauƙi. An gama tsinkar tuffa, na cika ɗakin ƙasa da kwalabe kamar kowace shekara.

Wasiƙarki ta ba ni kunya a madadinki. Mace ta kai shekarunki, ba ta taɓa guge wa namiji riga ba, amma ita ce za ta koya mini halin mutumin da nake kwana da shi tun kina makaranta. Abin da zaman ɗaki ɗaya da tafireta yake yi wa mutum ke nan. Ku masu irin wannan rubutu kun ɗauka kowane gida kamar naku littattafan ne, idan miji ya yi kirki to kabari yake haƙawa. Na so in nuna wa Lyle don mu yi dariya tare, sai na ga ba ki cancanci ko dariyarsa ba.

Ga labarin da ya fi naki. Ranar Asabar aka yi walimar girbi a coci, na kai kek ɗina na tuffa, wanda kin sani ba a taɓa dawo mini da ko gutsure ba. Fasto ya yanka, ya kai baki, sai na ga ya tsaya da tauna. Gishiri ne, Verna, zallarsa. Kowa ya juyo yana kallona. Matar Boersma ta matso, ta riƙe hannuna, tana mini magana a hankali da ƙarfi kamar mai yi wa kurma.

"Ba komai, Alma. Kin gane ni ko? Ni ce Tena."

Na ce, "Na gane ki sarai, ke ce mai kek ɗin da ake kai wa aladu."

Lyle ya yi sauri ya shiga tsakani, ya ce, "Ku yi mata haƙuri, kwanan nan ba ita ba ce." Ya lulluɓa mini kwat, ya fita da ni ta gaban kowa. Likita Pruitt yana bakin ƙofa da faranti a hannu, yana kallona yana girgiza kai. Ban taɓa jin wulaƙanci irin na ranar ba.

Kada ki hura hanci, ba cewa na yi kina da gaskiya ba. Abu ɗaya ne kawai ya tsaya mini a rai. Na ɗanɗana kwaɓin nan kafin in zuba a gwangwani, kamar yadda nake yi tun ina yarinya, kuma da zaƙinsa. Daga nan Lyle ya ce in hau sama in nemo masa maɓallin hannun riga. Da na sauko na tarar har ya zuba mini ya sa a murhu, wai don ya rage mini aiki.

Na yi tunanin ko in zo wurinki in ɗan huta, ko da a ƙasa zan kwana. Ki faɗa mini ko akwai wuri.

Alma

Chicago
Nuwamba, 1954

Yaya Alma,

Lafiyata ƙalau, kuma rabon da in ji daɗi irin na yau an daɗe. Ba don abin da ya same ki ba, wannan ya ƙona mini rai. Don dai a karon farko wani daga gidan Hoekstra ya nemi shawarata.

Kada ki zo. Wannan shi ne kuskuren da sakarkarun mata suke yi. Macen da ta ɗauki akwati ta bar gida ta ba miji labari a kyauta, zai ce ta gudu ba a hayyacinta ba. Ga shi kuma ina tsakiyar sabon littafi, kamfani yana kan wuyana, ɗakin nan ko kyanwa ba za ta samu wurin miƙe ƙafa ba. Kuma ki kwantar da hankalinki, akwai lokaci. Irin su Lyle ba sa gaggawa. Yanzu yake tsakiyar shiri, sai ya tara shaidu har bazara kafin ya motsa. Wannan fannina ne, na san takunsu.

Abin da za ki yi shi ne ki riga shi tara hujja. Ki samu baƙin zare siriri, ki ɗaura a bakin aljihun teburin da kike ajiye makullanki da tabaranki, yadda idan an ja zai tsinke. Ki barbaɗa fulawa sama-sama a matakalar ɗakin ƙasa, inda makunnin gas yake, za ki ga sawun wanda ya sauka. Madarar nan kuma kada ki ƙara sha. Ki yi kamar kin kurɓa, idan ya juya baya ki juye a kwalba ki ajiye, ki rubuta ranar a jiki. Na tabbata yana zuba wani abu mai sa jiri. Ki riƙa yi masa murmushi, ki bar shi ya ɗauka kin zama tunkiyar da yake so.

Kada ki gaya wa kowa a garin nan, daga Fasto har mai kawo wasiƙa. Mutanen da suka ci kek ɗinki shekara da shekaru, suka yanke miki hukunci da loma ɗaya, ba su da abin da za su ba ki. Idan kin gama karanta wannan ki jefa ta a murhu, ita da ta baya.

Ki rubuto mini komai dalla-dalla. Ina so in san abin da yake cewa idan ya miƙo kofin, da wane hannu yake riƙewa, ko yana kallon idonki ko yana kallon bango. Ba don son gulma ba, kowane ƙaramin abu yana da amfani.

Verna

Brandvoort
Disamba, 1954

Verna,

Dusar ƙanƙara ta sauka, gwiwa ta dawo da halinta, ban da wannan ina lafiya.

Na yi wasan yaran da kika ce, ina yi ina jin kunyar kaina. Wasiƙunki sun zama toka. Zaren ya tsinke tun washegari, ni kuwa ban taɓa aljihun ba. Na tsinci tabarauna a cikin kwanon burodi. A kan fulawa kuma ga sawun takalminsa, ya sauka ya hawo, kuma a ranar ce ya shigo yana riƙe da hanci yana cewa na sake barin gas. Kaina ƙalau yake, Verna. Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Baba. Ashe na fara yarda da shi ban sani ba.

Tunda abin yana aiki, na yi shi yadda ya kamata, ba irin aikinki na rabi da rabi ba. Yanzu kowace ƙofa da kowane aljihu a gidan nan akwai zare. Fulawa kuma har matakalar sama da bakin gareji. Madara ban zubar da ko ɗigo ba, kowace rana da kwalbarta, na toshe, na liƙa takarda da kwanan wata, na jera su a kanta a bayan na tuffa.

Shi kuwa gogan bai fahimci komai ba. Jiya ma buhun fulawa ya shigo mini da shi a kafaɗa, da kwalin zare, da akwatin sababbin kwalabe, ya ce ya ga kamar suna saurin ƙare mini. Har fito yake yi a banɗaki. Da hannun dama yake miƙo kofin, tunda kin matsa sai kin sani.

Hujja ta taru. Yanzu sai me? Wa zan kai wa? Ki amsa da wuri, ko ki zo da kanki bikin Kirsimeti.

Alma

Chicago
Janairu, 1955

Yaya Alma,

Barka da sabuwar shekara, ina fata gwiwa ta lafa. Ki gafarce ni da jinkiri. Na rufe kaina don in gama littafi, wasiƙu suka taru a ƙarƙashin ƙofa, sai yau na buɗe taki.

Kwalba ɗaya nake nufi, Yaya. Ɗaya, ki kai wa mai haɗa magani a wani gari ya gwada. Zare a aljihu ɗaya, fulawa a matakala ɗaya. Wa ya ce ki mayar da gida shagon tela? Ku matan Brandvoort ko guba aka ce ku ajiye sai kun cika kanta kun liƙa takarda.

Kuma namijin da ya kawo miki fulawa da zare ba wanda bai fahimta ba ne. Ya gani, kuma yana so ki ƙara. Na yarda wannan ya fi duk abin da na taɓa ƙirƙira, har na sa shi a babin da nake gyarawa. Amma ke ki tashi yau ɗin nan ki share fulawar, ki tsinke zarurrukan, ki zubar da madarar a bayan gona. Idan na miƙa littafi zan shigo jirgi mu zauna mu shirya abin da kyau.

Verna

Gidan Jinya na Larch Hill
Fabrairu, 1955

Verna,

Lafiyar jiki ina da ita. Ki dubi adireshin da ke sama, shi ne sauran labarin lafiyata. Wasiƙarki ta Janairu a nan ta same ni, Lyle ne ya kawo ta a buɗe, ya ce shawara ce mai kyau, sai dai ta makara.

Kin ce sai bazara zai motsa. Bai karanta tsarinki ba, ina jin. Bayan sabuwar shekara da 'yan kwanaki, da rana tsaka, ya shigo da Likita Pruitt da wani likitan da ban sani ba, wai sun biyo shan kofi. Na dafa, na yanka musu burodi. Suna gamawa Lyle ya ce, "Ku zo in nuna muku gidan, amma ku yi hankali da ƙafa, kada ku taka mata fulawa, ranta yana ɓaci." Ya bi da su ƙofa-ƙofa yana nuna zare da ɗan yatsa, bai ce komai ba. Sannan ya sauka da su ɗakin ƙasa, ya janye kwalaben tuffa. Kin san kamannin madarar da ta yi wata biyu a kwalba? Ni ma ban taɓa tsayawa na dube su gaba ɗaya ba sai ranar.

Baƙon likitan ya ɗauki ɗaya ya karanta takardar, ya ce, "Uwargida, mene ne wannan?"

Na ce, "Hujja ce. Mijina yana zuba mini magani."

"Zaren fa?"

"Don in san in ya taɓa mini kaya. Ga ma sawunsa nan a fulawa, ku duba."

Lyle ya ce, "Takalmina ne, likita. Nakan sauko in duba murhun ɗumama gida." Muryarsa har rawa take yi, mutumin da ko a jana'izar uwarsa bai yi hawaye ba.

Na ce musu ba ni na ƙirƙiro ba, 'yar'uwata ce ta rubuto ta ce in yi. Suka ce ina wasiƙar. Na ce na ƙona. Suka ce don me. Na ce ita ta ce in ƙona. Sai suka dubi juna, Pruitt ya ciro alƙalami.

Sun gwada madarar. Madara ce, Verna, ba komai a ciki. Bai taɓa zuba ko ƙwaya ba. Kafin shawararki abin da yake da shi kek ɗaya ne da maganar bakinsa, kuma Pruitt da kansa ya ce wannan ba zai isa gaban alƙali ba. Ni na cika masa gidan da shaida, da hannuna, da tsabtata.

Ranar Talata ta ƙarshen wata alƙali zai zauna ya yanke ko a tsare ni, ko a sake ni. Ban taɓa roƙonki komai ba sai wurin kwana, kika hana. Yanzu ina roƙo. Ki zo ki tsaya ki ce ke kika sa ni. Ki sa hula da riga ta mutunci, kada ki zo musu da warin sigari.

Alma

Chicago
Maris, 1955

Yaya Alma,

Na iso gida lafiya, sai mura da na kwaso a wancan ɗakin shari'a mai kama da rumbu. Ina fata suna ba ki bargo. Ba su bar ni na yi miki magana ba bayan an tashi, kuma tun kafin a kira ni aka fitar da ke, don haka ga abin da ya faru, kada ki ji daga bakin Lyle.

Na sa hular, na sa rigar. Na faɗa musu komai, cewa ni na ce zare, ni na ce fulawa, ni na ce kwalba. Alƙalin, wani tsoho mai gashi a kunne, abin da ya fara tambayata shi ne ko ina da aure. Da na ce babu, ya rubuta wani abu. Sai lauyan Lyle ya taso, hannu a baya.

"Malama Hoekstra, mece ce sana'arki?"

"Marubuciya ce."

"Wato abin da bai faru ba kike zama ki ƙaga, a biya ki?"

"Abin da yake faruwa a gidajenku nake rubutawa, in sauya suna."

Ya fito da hannunsa, sai ga littafina mai jar riga, ya sa takarda a tsakiya. Ya karanta musu wurin da matar take ɗaura zare a aljihu tana barbaɗa fulawa, yana siranta murya kamar mace. Ɗakin ya kwashe da dariya, har magatakarda. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ga inda abin ya fito. Baiwar Allah ta karanta tatsuniya ta kasa bambance ta da gidanta, ita kuma wannan ta zo ta rufa mata asiri, ko ta samu abin rubutawa." Na ce ba ki taɓa buɗe littafina ba. Ya ce to me yake yi a gidan, a kan kanta, shi da sauran 'yan'uwansa? Ni na aiko su, amma wa zai saurara. Alƙali ya buga hatimi, ya ce a ci gaba da tsare ki.

Garin nan naku ban taɓa ganin taron jahilai masu gogaggun kaya irinsa ba. Da a Chicago ne, da lauya mai rabin ƙwaƙwalwa ya yi kaca-kaca da su. Kuma ba don in tayar da magana ba, da kin tsaya a kwalba ɗaya da ba mu zo nan ba. Dabarar ba ta da laifi.

Amma ban gama da su ba. Zan rubuta wannan daga farko har ƙarshe, da Lyle, da Pruitt, da mai gashin kunne, yadda duk wanda ya san Brandvoort zai gane su. Na riga na ga ƙarshen. Za a buɗe ƙofar, ki fito da rana tsaka, shi kuma a wuce da shi da ankwa ta gabanki. Kamfani ya ce zai iya zama mafi kyawun abin da na yi.

Ki faɗa mini abin da kike bukata in aiko.

Ƙanwarki,
Verna

Larch Hill
Mayu, 1955

Verna,

Ina lafiya. Ina ci, ina barci, ina ninke zannuwan gado da safe. Sun ce na fi kowa iya ninki, kuma sun rubuta wannan ma a cikin alamomin ciwon. Matar Boersma ce za ta jefa miki wannan a akwatin gidan waya, don kada nas ta karanta. Ita kaɗai ke zuwa ban da Lyle. Shi yana zuwa duk Lahadi da furanni, nas-nas suna cewa da ma su samu miji irinsa.

Tena ta ce an shiga gonar da motocin ture ƙasa makon jiya. Itatuwan suna cikin fure aka tumɓuke su. Ta ce ƙanshin ya cika garin har coci. Na tambaye ta ko sun bar na bakin rijiya, wanda Baba ya dasa ranar da aka haife ni, sai ta fara ba ni labarin jikanta.

Za ki ji daɗin sanin cewa ana karanta ki a nan. Littattafanki suna yawo daga gado zuwa gado, ba bango, wasu shafukan sun zube. Na karanta biyu, tunda lokaci ne da ni. Kin iya jera magana, ban hana ki ba. Amma na lura duk matanki akwai wanda yake zuwa musu, ɗan sanda, ko maƙwabci, ko wani tsohon saurayi mai mota. Matar da ke gadon kusa da ni tun kafin yaƙi take nan, mijinta ya sake aure har ya aurar da 'ya. Ita ta fi kowa son littattafanki, ta ce suna ba ta dariya.

Kin tambayi abin da nake bukata. Safa mai kauri, da man shafawa na gwiwa. Kada ki haɗo da shawara.

Littafin kuma ki rubuta, na san ko na hana sai kin yi. Ki sa Lyle, ki sa likitocin, ki sa kanki ma idan kina da ƙarfin hali, da ɗakinki da kyanwa ba ta samun wurin miƙe ƙafa. Abu ɗaya na hana ki, kuma ina da iko a kansa ko da alƙali ya ce ba ni da iko a kan komai. Kada ki buɗe mini ƙofa a shafin ƙarshe don matan coci su rufe littafi su yi barci mai daɗi. Ki bar ni a inda kika sa ni.

Alma Hoekstra